Fada Ya Kai Mu Fada

Jajaye, Rogo
4 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Kausar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da Kawunki Sulle da matarsa Baraka da duk mutanen gidan. Mu nan lafiya lau. An fara cirar gyaɗa, Babanki kullum yana gona.

Wasiƙarki ta iso ta hannun Ɗanmaliki direba. Na mayar miki da ita a cikin wannan ambulan. Za ki ga jan biro a wuri tara, kuma duk taran ƙugiya ce kika bari. Kin rubuta "daki" a madadin ɗaki, kin rubuta "kofa" a madadin ƙofa. Wannan ba mantuwa ba ce, kasala ce, kuma yarinyar da ta yi wa harafi kasala gobe alwala za ta yi wa. Kawunki ya ce mu riƙa magana a wayarsa. Na ƙi. A waya ba zan ga rubutunki ba.

Ki tuna yadda aka yi kika je Karaye. Ni ban so a sa ki a makarantar 'yan Katolika ba. Kawunki ne ya dage, ya ce malamansu ba sa fashin aji, Babanki ya goya masa baya. Na yarda da zango ɗaya na gwaji, bisa sharaɗi biyu: sallarki da hannunki. Kin san halinki. Har yau tabon haƙoranki yana nan a damtsen Sadiya 'yar maƙwabtanmu. Ranar da na ji kin yi faɗa, ko sau ɗaya ne, Ɗanmaliki zai ɗauko ki da akwatinki, karatun can ya ƙare.

Yanzu ki amsa min waɗannan, kuma a cike. Kin ce da safe idan suna addu'arsu, ku Musulmi kuna zama gindin dalbejiya da Malam Hammawa yana muku darasin addini. Ku nawa ne? Shugabar taku, Sista Rifkatu, da gaske ba ta da miji kuma ba za ta yi ba? Kada ki tambaye ta, rashin kunya ne, ki dai lura. Shi kuma limamin nasu da kuke ce wa Fada, yana shiga aji ne?

Sai zancen wake. Kin ce kowa ya shuka a gwangwani biyu, ɗaya a taga, ɗaya a cikin kabad. Me ake nema da na kabad ɗin? Babanki ya ce shekara talatin yana noma bai taɓa shuka a kabad ba. Na ce masa ya daina yi wa ilimi dariya, amma ni ma ban gane ba.

Ki riƙe mutuncinki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Maijidda

*

Karaye
11 ga Oktoba

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da kyau. Kawu da Inna Baraka suna gaishe ku. Wannan karon na duba ƙugiyoyina sau uku.

Mu goma sha ɗaya ne a wajen Malam Hammawa, kuma shi yake jan mu sallar azahar. Sista ba ta da miji. Ba ni na tambaye ta ba, ƙawata Ummu Hani ce. Sista ta ce ita ta ba Allah rayuwarta, mu ne 'ya'yanta. Fada ba ya shiga aji, sai dai shi yake tuƙa motar makaranta idan za a fita da mu. Yana jin Hausa kamar mu.

Waken kabad ya fi na taga tsawo, amma fari ne fat kamar marar lafiya, kuma ya karkace wajen tsagar ƙofar. Malama ta ce haske yake nema. Ki gaya wa Baba.

Umma, ga babban labari. Ranar Laraba Fada ya kai mu fada. Duk 'yan ajinmu aka je. Ni aka sa a gaba. Muna shiga wani ƙato ya daka mana tsawa, Ummu Hani ta fashe da kuka, yara uku suka ruga bayan Malama. Ni ban gudu ba. Na yi daidai yadda kike nuna min a gida. Gwiwata ta ƙuje amma jinin kaɗan ne. Da aka gama wani tsoho ya ce duk ajin ba wanda ya kai ni iya fada, har ya ba ni dabino. Fada ya ji daɗi sosai, ya ce zai sake kai mu.

Na san ke ma za ki ji daɗi.

'Yarki,
Kausar

*

Jajaye, Rogo
14 ga Oktoba

Kausar,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙari.

Kin ce kin duba sau uku, ga shi kin sake barin ƙugiya a wuri biyu, kuma a kan kalmar da ta fi kowace nauyi. Na sa miki su da jan biro. Faɗa. Haka ake rubuta abin da kika je kika yi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da alfahari kika rubuta, har da cewa ni nake nuna miki a gida. Ni? Yaushe? Ni da na hana ki ko ɗaga murya a tsakar gida?

Sharaɗi ya karye. Ki haɗa akwatinki, Ɗanmaliki zai zo ranar Asabar ta sama. Ki ba shugabarku takardar da ke haɗe da wannan, kada ki buɗe.

Allah ya shirye ki.

Mahaifiyarki

*

Jajaye, Rogo
14 ga Oktoba

Zuwa ga Shugabar Makaranta, Sista Rifkatu,

Gaisuwa da fatan alheri, tare da fatan aiki yana tafiya lafiya. Ni ce Maijidda, mahaifiyar Kausar Bahauddeen ta aji huɗu.

Ina sanar da ke zan cire 'yata daga makarantarku ranar Asabar ta sama. Amma ba na yanke hukunci a kan mutane ban ji ta bakinsu ba, don haka ina da tambaya.

'Yata ta rubuto min cewa ranar Laraba limaminku ya zuba 'yan aji huɗu a mota ya kai su faɗa. Ta ce ita aka sa a gaba, an yi kuka, an yi gudu, ta ji ciwo a gwiwa, kuma wani dattijo ya yaba mata da kyautar dabino. Na kwana biyu ina juya maganar. Da wa aka yi faɗan? Da 'yan wata makaranta ne? Na taɓa jin cewa a birni akwai makarantun da ake koya wa yara naushi da harbi da ƙafa a matsayin wasan motsa jiki. Idan irinsa ne, me ya sa ba a nemi izinin iyaye ba? Kuma me ya sa aka sa mace a gaba? Na yi sakandare, na san manhaja, ban taɓa ganin wannan darasi a ciki ba.

Addininmu ba ɗaya ba ne, amma na ɗauka duk mai addini yana hana yara faɗa. Shi wancan dattijo kuma, ko wane ne, a gaya masa furfura amana ce.

Ba zan ɓoye ba, karatun yarinyar ya ƙaru a hannunku, kuma zancen waken nan ya burge mahaifinta. Sai dai ilimin da ba tarbiyya ba ni da bukatarsa.

Ina jiran amsa a rubuce.

Na gode,
Maijidda Bahauddeen

*

Karaye
17 ga Oktoba

Zuwa ga Maman Kausar,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigida. Yaya aikin kaka? Allah ya sa albarka.

Na ga takardarki, na kuma ga wasiƙar Kausar da kika gyara. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: yarinyar daidai ta rubuta. Kalmar ba ta da ƙugiya. Fada aka kai su, fadar Dagacin wani gari a hanyar Tudun Kaya. Suna darasi ne a kan shugabannin gari da aikin kowannensu, sai muka ga gara su gani da ido. Kawunta ya sa hannu a takardar izini. Kafin ta rubuta miki ma sai da ta zo ta tambayi malamarsu ko wannan kalmar tana son ƙugiya, aka ce mata a'a.

Ga yadda aka yi, don ina wurin. Ƙaton da ya yi tsawa dogari ne, cewa ya yi a cire takalma, muryarsa ce haka. Yara suka watse. Kausar kuwa ta tuɓe takalmanta, ta gyara mayafi, ta je ta zube a kan tsakuwa, nan ta ƙuje gwiwa. Ta yi gaisuwa tiryan-tiryan, kanta a ƙasa. Sai wani tsohon bafade, Mijinyawa, ya ce, "Ke 'yar wace ce?"

Ta ce, "'Yar Malam Bahauddeen ce ta Jajaye."

"Wa ya koya miki wannan durƙuso?"

"Ummata. Idan ban yi ba, kunnena take ja."

Ya ce, "To, Allah ya ƙara wa kunnen nan tsawo." Ya juya wajen Dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar ƙanƙanuwar nan ta fi wasu masu rawani iya fada, ba na kama suna." Aka yi ta dariya, har da masu rawanin.

Daga nan sauran yaran suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna kwaikwayonta. Dagaci ya nuna musu inda ake sasanta rikicin iyakar gona, suka yi ta tambaya har sai da muka ja su.

Na karanta wa Fada takardarki. Ya ce a gaya miki shi ko zakaru ne suke faɗa a gabansa, wani yake kira ya raba. Jiya kuma malamarsu ta rubuta kalmomin uku a allo, Fada da fada da faɗa, ta ce kowa ya sa su a jimla. Ba a ambaci sunanki ba.

Kausar ta haɗa akwatinta tun ranar da saƙonki ya zo. Tana zuwa aji, amma ta daina ɗaga hannu. Ta roƙe ni in bar mata ƙasan takardar nan. Na san abin da za ta rubuta. Na ce mata magana ce da ta wuce, mun hukunta mun rufe, ta ce ita dai sai ta rubuta. Hukunci naki ne, ba zan yi miki roƙo ba.

Akwai takardar izini a ciki, ta zuwa ganin dam a ƙarshen wata. Na sa ta ne ko da za a bukata.

Allah ya bar zumunci.

Sista Rifkatu

Umma, ina gaishe ki. A fada ban yi faɗa ba. Amma a mako na biyu na yi. Saude 'yar aji biyar ta ƙwace wa Ummu Hani abincinta ta zubar, ni kuma na mare ta. Aka sa mu sharar fili kwana uku ni da ita, yanzu muna gaisawa. Ban gaya miki ba don kada ki ɗauke ni. Kin ce ko sau ɗaya ne. To sau ɗaya ne. Akwatina a haɗe yake.

Kausar

*

Jajaye, Rogo
19 ga Oktoba

Zuwa ga Sista Rifkatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso, na gode da kika yi ta a rubuce.

Ƙugiyar nan ni na sa ta, ba yarinyar ba. Na zargi limaminku da abin da bai yi ba, na kuma ci mutuncin dattijon da ban sani ba. A ba su haƙuri a madadina. Maigidana tun jiya yake dariya, na ce masa ba abin dariya ba ne, zato zunubi ne, kuma ni na ɗauke shi.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma wannan ba kuskuren karatu ba ne. 'Yata ta mari 'yar mutane tun mako na biyu, ba wanda ya sanar da ni. Nan gaba, ko harara ta yi, a rubuto.

Wata tambaya, idan ba damuwa. Da aka ce su sa kalmomin uku a jimla, me Kausar ta rubuta?

Na gode,
Maijidda Bahauddeen

*

Jajaye, Rogo
19 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Kausar,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwar ta warke. Ki gaishe da Kawunki da Innarki.

A kan maganar fada, ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Ba zan maimaita wannan magana ba, don haka ki adana takardar nan.

A kan mari kuwa, laifi ne, ko da Saude ce ta fara. Akwai malamai a makarantar, ba ke ce alƙali ba. Kin karya sharaɗi, kuma da kin yi shiru da ba zan taɓa sani ba. Tun jiya nake auna waɗannan biyun.

Ɗanmaliki zai zo ranar Asabar kamar yadda na ce. Zai kawo ƙulli biyu na gyaɗa. Ɗaya na Sista ne. Ɗayan ki kai wa Saude da hannunki, hannun da ya yi marin.

Na sa hannu a takardar zuwa dam. Kada ki matsa bakin ruwa. Ki tambayi ma'aikatan wurin, idan sun buɗe ƙofar ruwan, kifin da ke ciki ina yake zuwa, ki rubuto min.

Ki kwance akwatinki, kayan za su yamutse.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Maijidda