Yadda Motar Nafi'u Ta Ƙwace Mini Juma'ar Inna

Bodinga, Jihar Sakkwato.
Asabar, tsakiyar bazara.

Zuwa ga Yaya Bilkisu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ni Ƙasimu, ƙanenki na farko, tsohon malamin tarihi, wanda ya shekara talatin da biyu a gaban allo yana karantar da faɗuwar dauloli ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ina shelanta miki, da duk wanda za ki karanta wa takardar nan, cewa motar Nafi'u ta yi ƙasa da yatsu huɗu. Da hannuna na auna, har sau biyu, lokacin da ya shiga alwala. A rubuta wannan a adana, domin daga yatsu huɗun nan duk abin da ya same ni ya faro.

Ki gafarce ni da na sa shela gaba da gaisuwa. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Na'Allah da yara duka. Allah ya sawwaƙa miki ciwon bayan da kika ambata, ya sa kaffara ne, ya tsare ku da ruwan garin nan naku da ba ya ɗaukewa. Mu nan muna lafiya sai zafi. Inna tana nan da ƙarfinta, ba ta fasa azumin Litinin da Alhamis ba duk da roƙon da muke yi. Rukayya ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ta koma mulkin gidana kamar da. Nusaiba ta gama jarrabawa tana jiran sakamako. An kwashe albasa a fadamun Danchadi, bana kuma Allah ya ba da ita.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Rabonki da gida ya kai shekara biyu, saboda haka ba ki ga abin da Nafi'u, autan Inna, ya mai da motarsa ba. Kin dai san ta: 'yar ƙaramar nan mai yankakken baya, wadda kamar maƙerinta ya gaji kafin ya kai ga wutsiya, sai ya maƙala mata ƙofa a wurin ya tafi gida. Ya saye ta ne don zuwa aiki asibiti a Shagari, niyya mai kyau. Amma tun daga lokacin babu Asabar ɗin da ta wuce ba a ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashinta ba. Ya kankare farin fentinta ya sa kore irin na ganyen albasa. Ya sauya ƙarafan tayoyin da wasu masu ƙyalli, waɗanda yake wankewa da buroshin haƙori. Ya ɗora mata fiffike a baya, alhali ban taɓa jin ta nemi tashi ba. Ya sa salansa mai gurnani, wadda ke sanar da mutanen Bodinga cewa ya baro Shagari. Kujerun kuma ya kai wa wani baduku a Sakkwato ya rufe su da jar fatar akuya, da ɗinki mai kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba, na shafa da ba ya kallo. Na kuma san fitilun nan masu farin haske daga Fatakwal suka zo, a cikin ƙunshin da aka aiko mini da hula. Hular ta yi mini daidai.

Duk wannan na ɗauke shi da haƙurin masu ilimi. Na karanta labarin sarakunan da suka ƙarar da ƙarfin talakawansu wajen gina hasumiyar da ba mai hawa, don haka fiffike a bayan mota bai girgiza ni ba. Sai watan jiya ya cire sifirin ɗin ƙafafunta ya sa gajeru, motar ta kwanta har cikinta na neman shafar ƙasa. Ya tsare ni a ƙofar gida ya yi mini bayani mai tsawo, wai ta fi riƙe hanya a kwana, wai ta fi kyan tsayuwa. Na amsa masa da cewa tun da aka ƙirƙiro taya, ɗan Adam nesanta kansa da ƙasa yake yi, shi ne na farko da na ga ya juya baya. Da ma kin ga yadda yake haye tudun rage gudu na shiga Sifawa: sai ya tsaya cik, ya karkace, ya ɗora ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsallake kwata da sabon wando. Na yi dariya har ƙirjina ya yi ciwo. Ina roƙon ki tuna da wannan dariyar, ni ma ina tunawa da ita.

Kin sani, tun rasuwar Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan, ni nake kai Inna Sifawa kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, ta yini wurin Gwaggo Halima. A jif ɗina nake kai ta, doguwar motar nan mai martaba wadda mutum ke hawa kamar zai yi huɗuba. Tafiyar ba ta da nisa, amma ni nakan ja ta a hankali don ta yi tsawo. Dalili kuwa, a gida Inna ba ta hira da ni. Kunyar ɗa namiji na fari har yau ba ta sake ta ba, ko sunana ba ta kira, sai Malam. Amma da zarar mun bar gari, idonta na kan gonaki, sai bakinta ya buɗe. A motar nan na ji yadda Baba ya taka da ƙafa daga Dandin Mahe cikin ruwan sama don ya kawo mata tsamiya lokacin da take da cikinki. A nan na ji cewa ya yi kuka ranar da aka ɗauke ni makarantar kwana, ya ce hayaƙi ne. Ba wanda ya san waɗannan sai ni. Wannan 'yar tafiyar ita ce rabona na Inna, ban kuma taɓa tunanin akwai mai nema ba.

Mako biyu da suka wuce jif ɗin ta kwana wurin bakanike, sai na ba Nafi'u aron aikin, aro na rana ɗaya. Juma'ar da ta biyo baya na wanke motata tun hantsi, na juyo da ita bakin ƙofa, na buɗe. Inna ta fito da mayafinta da carbinta, ta wuce ni, ta wuce ƙofar da na buɗe, ta shiga koriyar abar nan da ke fake a baya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka huta yau, Malam." Ban gaji ba, Yaya. Ban ce wa kowa na gaji ba. Na tsaya riƙe da ƙofa har gurnanin salansa ya ɓace.

Cikin makon na ji ta a tsakar gida tana gaya wa maƙwabciya cewa motar yaron nan tana da ladabi, durƙusa wa mutum take yi. Na koma ɗaki na yi nazari, na ce in dai durƙuso ake so, tawa ma za ta durƙusa. Bakanikena ya ƙi taɓa sifirin ɗin, ya ce ba zai ɗauki alhakin raina ba. Sai na koma ga ilimi. Kowane ɗalibi ya san nauyi yana danne abu. Na je Danchadi wurin abokina Bilyaminu, na ce masa don zumunci zan kai masa albasa Shagari ranar Juma'a. Ya yi mamaki, ya yi godiya, ya loda mini buhu shida.

Abin da littattafai ba su gargaɗe ni ba shi ne buhunan duka a baya za su zauna. Bayan motar ya durƙusa, gaskiya ne. Gabanta kuwa ya ɗaga sama kamar raƙumi zai miƙe, matakin ƙofar Inna ya ƙara tsawo fiye da yadda ya taɓa yi. Ga wari, cikin zafin nan, har kan titi. Jiya ke nan. Inna ta fito ta dubi motar daga gaba zuwa baya, ta ja mayafi ta rufe hanci, ta tambaye ni ko fatauci na fara, ta yi mini addu'ar Allah ya sa albarka. Nafi'u bai yi dariya ba. Da ya yi, da na sami abin riƙewa. Sai ma ya zo ya duba tayoyina na baya ya ce in tafi a hankali.

Tun da na yi wa Bilyaminu alkawari, dole na kama hanya, hanyar kuma ɗaya ce. Haka na bi su a baya har Sifawa, ni da albasa. Ta gilashin bayan motarsa ina hango kan Inna ya juya wajensa, hannunta yana motsi, tana magana, tana ta magana. Na yi ƙoƙarin tuna wani sarki a tarihi da ya bi bayan wanda ya karɓe masa gado yana ɗauke da kayan miya, ban samu ba. Idona ya yi ruwa, na kuma ɗora wa albasa laifin, kamar yadda Baba ya ɗora wa hayaƙi.

Da na dawo da la'asar sakaliya na zauna na karanta wa Rukayya ƙarata tun daga fenti har zuwa fiffike. Ta bari na gama, sannan ta ajiye tsintsiya ta tambaye ni ko na san abin da take dafa ruwan zafi dominsa kowace Juma'a da yamma. Na ce na shayi ne. Ta ce shekara huɗu ke nan tana gasa wa Inna gwiwoyi tana shafa mata man zafi duk ranar da muka dawo daga Sifawa, domin hawa jif ɗin nan da saukarta sai su kumbura har Lahadi. Na ce don me ba a gaya mini ba. Ta ce Inna ce ta hana, ta kuma maimaita mini maganarta yadda ta faɗe ta: "Kak ki gaya mai. Shina son motatai, ni ko ina son tahiyar." Yaya, shekara huɗu ina buɗe mata ƙofa ina kallon sama da alfahari, ban taɓa duban ƙafarta ba.

Yau da safe na tafi Shagari. Na tarar da Nafi'u a inuwar dalbejiya da akwatin kayan aikinsa, ƙofar gaba a buɗe, yana ɗaura wani ɗan mariƙi a jikin ginshiƙin ƙofar, an naɗe shi da jar fata. Na tambaye shi, a matsayina na yayansa, ko saboda Inna ya rage wa motar tsawo. Ya ce wallahi a'a, don gayu ya yi. Amma ranar da ya ga ta zauna ba tare da ta cije leɓe ba, sai ya koma ya matsar da kujerar gaba can baya don ta miƙe ƙafa, yanzu kuma ga mariƙin, wanda ya auna da zare daga kafaɗarta. Ya ce ya daɗe yana lura da yadda take saukowa daga tawa da baya da baya, har ya taɓa yi mini magana, na ba shi lacca kan ƙarfin jif. Na tuna laccar. Ta yi kyau ƙwarai.

Sai na yi tambayar da ta kai ni. Na ce wane labari take ba shi jiya da hannunta ke ta motsi. Ya ce ba labari ba ne, faɗa ne: ya rage gudu, kada Malam ya ɓace a baya da kayan mutane. Ya ce ko sau ɗaya ba ta taɓa yi masa hirar Baba ba, da ya tambaya ma cewa ta yi ya ja mota ya bar surutu. Allah ya yafe mini, daɗin da na ji bai dace da mai furfura ba. Na durƙusa na riƙe masa mariƙin ya ɗaure shi, na kuma gaya masa ya ɗan karkace, alhali bai karkace ba.

Kada ki ɗauka na janye. Fiffiken nan har gobe wauta ce, salansar kuma fitina ce ga marasa lafiyar da yake dubawa. Yana kuma ci mini rai cewa abin da ilimina bai gano ba cikin shekara huɗu, gayun yaro ya yi tuntuɓe da shi a Asabar ɗaya. Ina shigar da wannan ƙorafi gabanki a matsayinki na babba, ba don ki yi wani abu ba, sai don a san na shigar.

Ki gaida Alhaji Na'Allah da kyau, ki ce ina nan ina jiran amsar takardata ta bara. Ki gaida Farida da mijinta, da Abdulaziz, Allah ya ba shi sa'ar karatu, da 'yar Nana Hauwa. Inna tana sa muku albarka. Gwaggo Halima ta ce ki tuna da ita da man shafawar nan. Rukayya da Nusaiba suna gaisuwa. Nafi'u ma ya ce a gaishe ki, na kuma isar, don ni ba na danne saƙo saboda ɓacin rai.

A ƙarshe, kotu ta zauna a ɗakina bayan azahar, ni ne alƙali, ni ne wanda ake tuhuma, an kuma same ni da laifin rashin duban ƙasa. Ga tarar da aka yanke, babu ɗaukaka ƙara: Juma'a huɗu a jere zan shiga kujerar baya ta motar Nafi'u, wadda akwatin lasifika ya cinye rabinta, kujerar Inna ta matso ta cinye sauran, in zauna gwiwoyina a gemuna, ƙwaryar furar Gwaggo a cinyata, kuma kada in furta ko kalma ɗaya game da salansa daga Bodinga har Sifawa. Na kai wa Inna hukuncin. Ta ce madalla, in zauna daidai bayanta yadda zan ji ta, in kuma yi wanka sosai, don har yanzu ina warin albasa.

Naki ƙane mai biyayya, wanda aka ci tara,
Ƙasimu.