Kun Tafi da Mutum, Kun Dawo Mana da Toka

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin gurzar audugar da ƙanina Habibu ya yi wa aiki a Funtua,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da addini ya ɗora mini, ba don halinku ya ci ta ba. Ni ne Malam Lawal, manomi a Tsiga, yayan Habibu, makanikenku da kuka tura ƙasar waje koyon sabon inji, ciwon kwana uku ya ɗauke shi a can. Ba mu ja da mutuwarsa, wa'adi ne. Abin da kuka yi da gawarsa, wanda har yau muke ɓoye wa mahaifiyarmu, shi ya sa na ɗauki alƙalami, tunda sau uku ina zuwa ofishinka maigadi na cewa kana mitin.

Na farko. Kun bugo waya kun ce Habibu zai iso ranar Laraba da hantsi, ba ku ƙara ko kalma ba. Mu kuwa muka shiga shiri. A wajenmu da karan dawa ake gwada mamaci kafin a haƙa kabari. Da yake babu gawa a gabanmu, kuma tsawonmu ɗaya da shi, ni na miƙe a ƙasa aka gwada ni. Inna ta buɗe adakarta ta ciro likkafanin da ta tanadar wa kanta, wanda ta wanko da ruwan Zamzam shekarar da ta sauke farali, ta ce a sa wa autanta. Aka ɗora ruwan wanka, aka ɗauko makara daga masallaci, jama'a suka taru tun daga Danja har Malumfashi. Sai ga motarku. Ma'aikacinku ya fito cikin kwat, rungume da wani ɗan tulu da bai kai na ajiyar man shanu ba. Wai Habibu ke nan! An ƙone shi.

Na biyu, takardarku ta ta'aziyya ta ce iyalansa ne suka zaɓi haka. Wane iyali, ranka ya daɗe? Lambata na cikin fayil ɗinsa, da ita kuka kira ni. Ma'aikacin naku da bakinsa ya gaya mini asibitin can ya aiko da takarda, a dawo da gawa ko a ƙona, wani a ofishinku ya ga na biyun ya fi sauri, ya sa hannu don kada aiki ya kwana a teburinsa. Ilimin naku ke nan. Mai sharar ofishinku da bai taɓa shiga aji ba ya san ba a ƙona Musulmi, amma girman kai ya hana ku tambayarsa. Maƙwabcinmu Kirista da ya zo gaisuwa riƙe baki ya yi, ya ce su ma nasu binnewa suke yi. Da kun ce dawo da shi wahala ne, ai ƙasar Allah ce ko'ina, da mun ce a nemi Musulmin garin su sallace shi su rufe.

Na uku shi ne borin kunyar da kuka kira taron tunawa. Kun kafa rumfa a harabar kamfani, kun jingina hotonsa cikin furanni, kun yi shiru na minti ɗaya, aka raba lemo, aka tafa wa jawabinka. Har kati kuka aiko mini. Tir! Mamacinmu wanka yake so, da sutura, da sahun mutane a bayan liman. Kun hana shi waɗannan, kun ba shi fure. Ihu bayan hari ma ya fi wannan daraja.

Liman ya sa muka naɗe tulun a likkafani, muka yi masa addu'a, muka sa shi a kabarin da aka haƙa da tsawona. Inna idonta ya yi rauni, ba ta fita, muka ce mata an yi masa wanka tun daga can. Ta tambaye ni ko likkafanin ya ishe shi, don yaron dogo ne. Na ce ya isa har da saura.

Buƙatata biyu ce. Ku janye ƙaryar nan a rubuce, kada a ce gidanmu ne ya sa hannu aka ƙone ɗansa. Sannan kai da kanka, ba ɗan aike ba, ka zo Tsiga kafin labari ya iske Inna a bakin matan unguwa. Kullum tana tambayata sunan wanda ya yi wa Habibu wanka, tana so ta sa masa albarka. Ni ba ni da suna. Zo ka durƙusa gabanta ka ba ta amsa.

Allah Ya shirye ka, Ya ba ka masu wanka da sutura ranar da taka ta zo.

Wassalam.

Malam Lawal, yayan Habibu, Tsiga.