Butar Malam Ummaru

Zuwa ga kakata Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina rubuto miki ne daga gadon asibiti. Na san ba ki taɓa karanta boko ba, ba kuma yanzu za ki fara ba, amma masu leƙen wasiƙar nan za su karanta a madadinki.

Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai aikin jinya a jami'a. Akwai darasin da muke ba suna mai tsawo: yadda ma'aikaciyar jinya za ta lura, ta auna, ta yanke shawara. Ke kalma uku kike ce masa.

In kin aike ni gaida mara lafiya, na dawo na ce ya ce da sauƙi, sai ki harare ni. "Ban tambai ki mi yac ce ba. Mi kig gani?" Dole in koma in duba ko ya taɓa kununsa, ko leɓensa ya bushe, ko zaune ya yi salla.

Sai da na girma kika ba ni labarin inda kika samo wannan tambaya.

Lokacin Turawa ba su daɗe da buɗe asibiti a Sakkwato ba, mutane na gudunsa kamar gidan yari. Ke kuma mijinki ya rasu, kika karɓi aikin wanke tsummokaran ɗaurin rauni da cika wa majinyata butocin alwala. Aikinki ke nan, ba wanda ya ɗauke ki don ki yi tunani.

Aka yi wa wani baduku, Malam Ummaru, aikin ƙaba. Kowace safiya likita Bature zai tsaya a kansa da tafinta, a tambaye shi jiki, ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Likita ya rubuta a littafi cewa yana murmurewa. Bai san dattijon Sakkwato ba ya kai ƙarar ciwo gaban baƙo ba, ko da ransa na fita. Tafinta ya sani, amma shi maganar baki aka ɗauke shi ya fassara.

Rana ta uku kin zo cika buta da la'asar, kika tarar da tasa a cike, yadda kika bar ta tun hantsi. Mutumin da ya ja jiki ya yi alwala washegarin yanka, yau azahar ta wuce shi. Kika dube shi: gumi mai sanyi, numfashi sama-sama, ya naɗe ƙafafu ba ya son ko mayafi ya taɓa cikinsa.

Kin gaya wa tafinta, ya ce ki koma bakin wankinki. Kin san in kika wuce shi aikinki na iya tafiya, in kika yi shiru kuma mutumin ne zai tafi. Sai kika ɗauki butar, kika shiga ofishin likita, kika dire ta a kan takardunsa. Dole ya tambayi dalili, dole tafinta ya fassara. Likita ya je ya danna cikin, ya ji shi kamar allo. Kafin magariba an sake buɗe shi.

Malam Ummaru ya rayu. Matashin kan nan na jar fata da kike jingina da shi har ya koɗe, shi ya ɗinka miki. Littafin asibiti kuwa, na tabbata, ya yaba wa idon likita.

Inna, makon jiya aka yi mini aiki a ciki. Rana ta biyu wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin jinya a nan, Nana, ta zo duba ni, ta tambaye ni jiki. Ni da na cika allo da alamomin zubar jini a ciki, na buɗe baki na ce mata da sauƙi. Ashe digiri ba ya cire wa mutum garinsu.

Ba ta rubuta ba. Ta dubi sallayata a ninke inda ta gan ta da safe, ta kama wuyan hannuna ta ƙirga, ta fita da sauri neman likita. Jini ne ke zuba. An mayar da ni ɗakin tiyata an ɗinke.

Da na farfaɗo na tambaye ta yadda ta gane. Ta ce ai ni na koya musu tambaya ɗaya a aji, har suna kwaikwayona da ita a bayan ido: mi kig gani?

Ba ta san ki ba, Inna. Gobe in ta zo zan gaya mata sunanki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya dube ki da rahama yadda kika dubi bayinSa.

Jikarki da har yanzu ake aika ta koma ta duba,
Asma'u