Tatsuniyar Prague da Rana Tsaka

Greensboro, Oktoba 1996

Yaya Salima,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya su Amal? Ni lafiya lau, karatu na tafiya, zama wuri ɗaya ne dai ya gagare ni.

Duk Asabar abokan karatuna kan kai ni Sedgefield mu yi wani wasa. Mutum ɗaya ke ba da labari, kowa ya zama wani a ciki. A Prague ake yi, tsohon birnin nan na tsakiyar Turai, amma cike da matattu masu shan jini. Ni ne mai gadin gada. Ban taɓa zuwa ba, amma na fi sanin lungunansa a kan na Greensboro. Su kaɗai ke cigiyata in ba su gan ni ba.

Da rana muke yi. Kin tuna Inna kan ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi? Shekaranjiya ina tunanin gadata bas ta wuce unguwarmu, sai da direba ya ce na sauka, an zo ƙarshe.

A aiko min da kuka. Kada ki ɗaga wa Inna hankali, ki dai tambaye ta kamar da wasa: wanda ya riga ya ɓata, me ake yi masa ya dawo?

Ƙaninki,
Surajo