Lahadin da Baba Ya Zo Zariya

Zariya, Maraɗi
12 ga Nuwamba

Ƙawata Yunice,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigida da ƴan lakol ɗin da kike koya wa karatu. Ina gajiyar aiki, ina kuma baƙunta? Takardarki ta iso ni ranar Laraba ta hannun direban motar Dakwaro. Na sha dariya da kika ce sai kin hau tudun bayan ƙauye kafin ki samu rezon waya, kuma wata takwas ke nan rabonki da tele. Kin ce in ba ki labarin abin da na kalla bana, in faɗi waɗanda suka fi yi mani daɗi. To, ki gyara zama.

Kin dai san bayan rasuwar Inna bara, yaya Bo'az ya aiko mani da tele daga Agadas, wai don ɗaki ya daina yi mani faɗi. Abokiyar kallona ita ce Hidaya, matar da ɗakinta ke kallon nawa. Ita ke shigowa da gyaɗa, ni in dafa shayi.

Akwai wata gasar girki ta Abijan da ake yi da Faransanci. Hidaya ba ta jin ko kalma ɗaya, amma tun kafin alƙalai su ɗanɗana take faɗin wadda za a kora, kuma da wuya ta kuskure. Wai daga yadda mace ke riƙe ludayi take ganewa. Sai wani fim na Indiya mai fassarar Hausa, na wata likita da ta manta ko ita wace ce. Wannan yana da jan rai, kallo ɗaya sai a nuna shi sau huɗu da kiɗa. Kullum muna zaginsa, kullum muna gabansa.

Amma wanda ya tafi da ni shi ne na gidan burodi. Uba ne ya rasu ya bar wa ɗiyansa mata uku gidan gasa burodi, babbar na so a sayar, ta tsakiya na so a kawo injin zamani, autar kuwa, Samira, ita kaɗai ta iya kwaɓin uban. Yunice, yadda suke faɗa da safe su ci tuwo kwano ɗaya da rana, sai ki rantse gidanku ne. Cikin mako ba na samunsa yadda ya kamata, ko ina farmasi wurin aiki, ko an ɗauke kuran, ba wuta. Amma ranar Lahadi daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar ana maimaita na mako duka. Ya ƙare tsakiyar Oktoba. Ba a sayar da gidan ba.

Kin tambayi Baba. Wata guda ke nan da ya faɗo daga moto, wato babur, kan hanyar Tsibiri, ya karye a wuyan hannun dama. Maman Lawali, maƙwabcinsa mai sayar da hatsi, shi ya ɗauko shi, wai daga cikin gari suke. An kai shi wurin maɗori a Jiratawa. Na tambaye shi abin da ya kawo shi Maraɗi da shekarunsa, ana tsakiyar girbi, ya ce wata ƴar buƙata ce. Kin san kunnensa ya yi nauyi, abin da bai ga damar ji ba, ba ya ji. Na yi mashi faɗa sosai. Mutanen majami'a ne suka girbe mashi gonar.

Gaskiya bana ban cika zuwa Tsibiri ba kamar da. Wannan sai wani lokaci.

Ki gai da maigida. Ubangiji ya tsare.

Taki,
Na'omi

Zariya, Maraɗi
3 ga Disamba

Yunice,

Ina gaishe ki, da fatan ku duka kuna lafiya. Ban jira amsarki ba, don in na ƙara kwana da maganar nan a ciki ban san yadda zan yi ba. Takardar da na aiko maki rabin labari ce.

Da, kowace Lahadi in an tashi sujada, moto nake hawa sai Tsibiri, in yi wa Baba wanki, in dafa mashi abin da zai kai shi kwana biyu. Da shirin gidan burodi ya kankama, sai na fara tsallake mako guda. Baba ba ya jin waya, saboda haka Maman Lawali nake ba saƙo in ya shigo kasuwa ranar Asabar. Yau ciwon kai, gobe aiki. Akwai ranar da na ce muna da taron zumuntar mata a Jiratawa. Har zogale na saya nan bakin titi na aika mashi, na ce tsarabar can ce. Ya aiko da godiya, wai zogalen Jiratawa daban yake.

Ina gaya wa kaina gidan ne ba na iya shiga. Akwai gaskiya a ciki: turmin Inna na nan inda ta bar shi, in na gani sai in kau da kai. Amma ba zan ɓuya bayan wannan ba. Ina son kallon, shi ke nan.

Lahadin da Inna ta cika shekara, Baba ya aiko tun da wuri cewa in zo mu je kabarinta tare mu yi addu'a. Ranar ce kuma ake nuna ƙarshen shirin. Na ce a raina kabari ba ya tafiya ko'ina, ma je wani makon. Na aika cewa masassara ta kwantar da ni. Yunice, da masassara ciwon Inna ya fara. Ko kaɗan wannan bai faɗo mani a rai ba lokacin da nake ba da saƙon.

Shekaranjiya Maman Lawali ya shigo farmasi sayen magani. Na kama shi da mita gaban mutane, na ce ina dalilin ɗora tsoho kan moto a bi da shi cikin rairayi. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce in fito waje. Ya ce Malam Irmiya, wato Baba, ya roƙe shi kada ya faɗa, amma shi ba zai ƙara ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Ashe ranar, Baba na dawowa daga majami'a ya sa matar Maman Lawali ta dama furar sabon hatsi, ya zuba a kwano, ya ce a kai shi nan unguwar Zariya, ɗiyarsa ba lafiya kuma ita kaɗai ce. Maman Lawali ya tsaya da moto a ƙofar gida, Baba ya shiga. Daga waje ya ji tsohon ya yi sallama har sau uku, tele na ta ƙara, mata biyu na dariya da tafi. Ya ce Baba ya daɗe a ciki, har ya yi tsammanin an karɓe shi. Sai ga shi ya fito da kwanon a hannu kamar yadda ya shiga, ya ce: "Ta samu sauƙi. Mu koma."

A hanya hannuwan Baba biyu na kan kwanon, bai riƙe jikin moton ba. Da suka shiga rairayin da ke kafin Tsibiri, ƙafar moton ta goce.

Tagata ba ta da labule ranar, na wanke shi. Baba ya gan ni sarai. Na san ma lokacin, daidai inda Samira ta watsa wa mai son sayen gidan gari a fuska, na faɗa jikin Hidaya ina dariya har da hawaye. Ni kuma bayan kwana biyu na je na tsaya kansa, hannunsa ɗaure da karare, ina ɗaga murya ina ce mashi ba ya jin magana.

Hidaya ta shigo jiya da gyaɗarta, an fara wani sabon shiri. Na ce mata kaina ke ciwo. Wannan karon da gaske ne.

Ki sa ni cikin addu'a. Lahadi zan je.

Na'omi

Tsibiri
27 ga Disamba

Ƙawata Yunice,

Barka da Kirsimeti, da fatan kun yi biki lafiya, ke da maigida. Takardarki ta same ni, na gode da ba ki lallashe ni da ƙarya ba. Daga gidan Baba nake rubuto maki, na ɗauki hutun mako biyu.

Na je ranar Lahadin kamar yadda na ce. Na tarar da shi gindin darbejiya yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin riga da hannun hagu. Na durƙusa na fara magana a hankali, ya ce bai ji ba. Na ƙara, ya kawo kunne ya ce in ɗaga murya. Haka na faɗi komai da ƙarfi kamar mai shela, da ciwon kai, da zogale, da masassara. Matar Maman Lawali na daka a bayan danga, na ji taɓarya ta tsaya. Ban daina ba sai da na kai ƙarshe.

Sannan ya ce da ya leƙa tagar ya gan ni garau, abin da ya fara zo mashi godiya ce ga Allah, don duk hanya yana ganin kamar zai tarar da ni yadda ya tarar da Inna. Ya ce kuma tun ranar jana'iza bai ga haƙorana ba, shi ya sa ya tsaya yana kallo. Sai da ya juya zai fita ne ransa ya ɓaci, kuma bai ɓoye mani ba, ya ɓaci ƙwarai.

"Da kin ce mani kallo za ki yi, da na ji haushi kwana ɗaya," in ji shi. "Masassarar ce ban san inda zan aje ta ba."

Ya ce ya yafe. Amma ya gaya mani shi kaɗai ya je kabarin bayan mako biyu, da hannu a rataye, bai iya cire ko ciyawa ɗaya ba. Mun je tare washegari, na share wurin, shi ya yi addu'a.

Na kai shi asibiti a Maraɗi aka ɗauki hoton hannun. Ƙashin ya haɗe a karkace, kuma likita ya ce da shekarunsa ba za su sake karya shi ba. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Ba zai ƙara riƙe hauya ba, gonar baɗi Maman Lawali zai noma su raba. Alƙalami ma ya gagare shi, mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana koyarwa a lakol. Na je na ba Maman Lawali haƙuri a gaban iyalinsa, ya ce ba komai, amma har yanzu gaisuwarmu gajera ce.

Ban rabu da tele ba, kada ki ɗauka na zama wata. Lahadin da ta wuce ina wanke mashi kaya, ƙarfe ɗaya ta yi, sai na kama kaina ina tunanin ko me ake nunawa. Na ji kunya, na ci gaba da wanki.

Jiya Baba ya ce in ɗauko takarda, zai aika wa yaya Bo'az saƙo ta motar Agadas kamar yadda ya saba kowane ƙarshen shekara, shi ya faɗa ni in rubuta. Ya yi gaisuwa, ya ba da labarin girbi da na majami'a. Da ya zo kan hannun, ya ce in rubuta cewa wata buƙata tasa ce ta kai shi gari, tsautsayi ya same shi a hanya, kuma Na'omi na kula da shi yadda ya kamata. Na tsaya. Ya dube ni ya ce in rubuta mana, takardarsa ce. Na rubuta da hannuna, ya dangwala sa hannu da hagu.

Da ya shiga ɗaki ya kwanta da rana, na juya bayan takardar na rubuta wa yaya abin da ya faru tun daga farko, na sa sunana. Kin san zafin yaya Bo'az, kin kuma san yadda yake ji da Baba. Da Baba ya tashi na nuna mashi, don na gaji da yin abu a bayansa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya gyara mani kalma ɗaya da na rubuta ba daidai ba, ya ninke ya miƙo mani. Yau da safe na kai ta tasha. Jibi za ta isa.

Baba na gaishe ki, ya ce ki riƙe ƴan lakol da haƙuri. Ki gai da maigida. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙawarki,
Na'omi Irmiya