Ranar da Na Kira Sunan Baba

Yaya Sani,

Ka taɓa kiran sunan mahaifinka gatsau a gaban mutane? Ni na yi.

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman Legas? Mu nan Gangara lafiya lau, in ban da abin da za ni gaya maka.

Ran Laraba aka kawo hatsin gwamnati na tsofaffi marasa hali ƙofar gidan maigari. Da yake ina ɗan karatu, aka ba ni takardar sunaye. Ina ta kira da ƙarfi, har da yi wa tsofaffi tsawa su bi layi. Kafin in farga na kira sunan Baba, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba.

Baba ya taso da buhu ninke cikin riga, ya ce, "Ga ni, Malam." Ni ya ce wa Malam, Yaya! Mutumin da a da ake auna zakka daga rumbunsa! Ashe gero ya ƙare, ya je a ɓoye aka rubuta shi. Ni ina gida ban lura ba, kai kuma shekara uku ko tiya ba ka aiko ba.

Har yau ban iya haɗa ido da shi ba.

Ka gaida matarka da yara, ka sa mu cikin addu'a. Amma da Sallah ka zo ka tsaya inda na tsaya, ka gaya wa mutanen Gangara ko Baba na da 'ya'ya.

Ƙanenka,
Bello