Sunan da Ke Kan Hular Babanka

Santa Rita, 3 ga Disamba, 2006

Nelvin ɗana,

Allah ya yi maka albarka. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Marisol, kuma sanyin Amurka bai sake tayar maka da ciwon gwiwar hannu ba. Mu nan, ƙanwarka Yudelka lafiya lau, cikinta ya shiga wata bakwai. Kakarka ƙafafunta sun sake kumbura, ba ta zuwa coci sai an ɗauke ta a babur. Ni dai ga ni nan, gajiya ce kawai. Babanka kuwa jininsa ya hau. Likita ya hana shi gishiri, amma da ni ya tambaya, da rediyo zai hana shi.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Doña Chela, mai kai-da-kawo tsakanin nan da Amurka. Na karanta wa babanka kamar kullum, tunda shi har yau bai san baƙi ba. Da na iso wurin da ka rubuta cewa wannan nawa ne ni kaɗai, sai na yi tari, na sha ruwa, na tsallaka zuwa gaisuwar ƙarshe. Bayan ya fita na koma na karanta a hankali har sau uku, in tabbatar idona bai yaudare ni ba. Ashe kwamitin Garzas, ƙungiyar besbol ta garinmu, kai suka nema ka zo ka zama babban manajan ƙungiya, kuma sun ce kada kowa ya ji sai sun yanke shawara.

Nelvin, ka san me ka ɗora mini?

Tun da tsohon babban manaja ya ajiye aiki a Oktoba, bayan shekara shida ba mu kai wasan ƙarshe ba, garin nan ba shi da wata magana sai ta wanda zai gaje shi. A rediyo mutum uku ake ambata. Akwai ɗan 'yar shugaban ƙungiya, wanda kowa ke wa dariya. Akwai Don Crucito, uban baftismarka, wanda saboda haka shi da babanka suke kiran juna kompadre, ni kuma yana ce mini komadre. Sai wani yaro da aka ce yana wa Amurkawa aikin lissafin besbol, ba a faɗi sunansa ba. Mutanen gari sun raɗa masa Ɗan Kwamfuta. Kai ne ke nan, kuma babu wanda ya fi babanka zaginsa.

Jiya na je kantin Tavito sayen man gyaɗa, na tarar da su a teburin domino. Babanka ya buga ƙwaya a tebur har kofunan kofi suka yi tsalle, yana cewa, "Kwamfuta ta taɓa tsugunawa bayan mai bugu awa uku cikin rana? Ta san yaron da hannunsa ke ciwo yana ɓoyewa? Kompadre Crucito daga tafiyar yaro yake gane ko zai iya jifa!" Tavito ya ce masa, "Haba Bienve, shekara shida masu ido suna gani, mu muna shan kashi. A bar mu mu gwada makaho mana." Babanka ya ce, "Kai da sikelinka bai taɓa faɗin gaskiya ba, kai ne za ka yi mini maganar lissafi?" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a gane. Na dawo gida ba man gyaɗan.

Ba zan iya maka wannan magana a waya ba, ka san wayar tana kusa da kujerarsa. Ka gaya mini gaskiya, kana son aikin nan ko kuwa sauraronsu kawai kake yi?

Ka gaida Marisol. Ka yi haƙuri da rubutuna, layin yana ta gangarewa ƙasa.

Mahaifiyarka,
Eufemia

Santa Rita, 27 ga Disamba, 2006

Ɗana abin ƙaunata,

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka ga sabuwar shekara lafiya. Yudelka tana nan, ta fara nauyi. Kakarka da sauƙi, ta ci naman alade ranar Kirsimeti har ta nemi ƙari. Babanka yana shan maganinsa idan na tsaya a kansa. Ni kaina ne ke ciwo tun da aka shiga watan nan.

Na samu amsarka. Ka ce kana so, kuma idan aka ba ka za ku dawo gida gaba ɗaya, kai da Marisol. Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta wannan sai da na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka. Shekara tara ke nan ina ganinka mako biyu a shekara. Ko da a ce ɗan 'yar shugaba ya fi ka iyawa, ni kai zan so a ba, don ka riƙa cin abincin rana a gidan nan. Wannan son kai ne, na sani, na kuma faɗa wa Fada a coci ba tare da na ambaci suna ba.

Amma ka ji abin da ya faru. Ranar Litinin ta makon jiya babanka ya buga waya shirin wasanni na ƙarfe goma sha biyu, aka sa shi a iska. Ina yanka agada ina jin muryarsa ta falo, ina kuma jinta ta rediyo. Ya ce shi Bienvenido Mota, shekara arba'in yana zama a kujera ɗaya a filin Garzas, kuma ya rantse da Uwa Maryamu, ranar da aka ba Ɗan Kwamfuta ƙungiyar nan zai ƙone hularsa mai sunan Garzas a ƙofar fili, ba zai sake taka wurin ba. Mai shirin ya ji daɗi, ya maimaita maganar da yamma. Yanzu duk inda ya wuce sai a ce, "Bienve, ka tanadi ashana?" Shi kuma ya ɗaga hular yana murmushi. Ka san babanka da rantsuwa. Ka tuna shekara nawa ya yi ba ya gaida ƙaninsa a kan akuya ɗaya.

Don Crucito ya zo mana ranar Kirsimeti da cinyar alade, kamar yadda ya saba. Ya tsufa, Nelvin. Yatsunsa da ƙwallo ta karya tun yana cafka ba sa riƙe kofi da kyau. Ya tambaye ka, ya ce, "Komadre, yaron nan nawa ya manta da hanyar neman albarka ne?" Na ce aiki ne ya yi maka yawa. Na zuba masa abinci. Shi ne ya riƙe ka a gaban Fada. Shi ya ba ka safar hannunka ta farko. Da gwiwar hannunka ta lalace kana shekara goma sha bakwai, babanka ya yi wata ba ya magana, Don Crucito ne ya kai ka asibiti a babban birni, ya kuma ce ka koma makaranta, wai kan mutum ma yana buga ƙwallo. Yau kan nan ne zai karɓe kujerar da ya yi shekara talatin yana jira. Ban ce ka yi laifi ba. Amma a garin nan ɗan baftisma ba ya shiga gaban ubansa ba tare da ya sunkuya ya nemi albarka ba, ko da layin karɓar burodi ne.

Wani abu kuma. Da na gama karanta masa wasiƙarka ta biyu, babanka ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Femia, takarda cike, karatu kaɗan?" Na ce ai rubutunka manya ne. Ya ninke ta ya miƙo mini.

Na gaji, ɗana. Ina da shekara hamsin da biyu na zauna a benci ɗaya da jikokin mutane a ajin koyon karatu na coci, don kawai kada wani ya riƙa shiga tsakanina da maganarka. Ban taɓa zaton ni ce zan shiga tsakaninka da babanka ba.

Mahaifiyarka,
Eufemia

Santa Rita, 9 ga Janairu, 2007

Nelvin,

Allah ya yi maka albarka. Kowa lafiya, sai babanka da ba ya cin abinci sosai. Wannan karon ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ranar Alhamis ina kasuwa, babanka ya buɗe gwangwanin biskit da nake ajiye wasiƙunka, ya ɗauki ta ƙarshe. Ka san wa zai kai wa. Mutum ɗaya ne a duniya ya yarda ya ga sirrin gidansa. Ya tafi da ita gidan Don Crucito, ya ce, "Kompadre, karanta mini, idon Femia ya fara rauni."

Ni ban san komai ba sai washegari da safe, da Don Crucito ya zo bayan babanka ya tafi kanti. Ya zauna a kujerar tsakar gida, bai cire hula ba. Ya ce, "Komadre, a ina kika tsaya lokacin da kika karanta masa?" Na nuna masa layin da yatsa. Ya ce, "To ni ma a nan na yi tari." Sai ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Na so in durƙusa, ya hana ni.

Ga abin da ya ce in gaya maka, kuma ina rubuta shi yadda ya faɗa. Ya ce ya kwana yana fushi, ba zai ce bai yi ba. Ya ce har yanzu yana ganin lissafinku shirme ne, kuma zai faɗa maka haka ido da ido duk ranar da kuka sha kashi. Amma ba zai yi takara da yaron da ya riƙe a gaban Fada ba. Idan ka zo da ƙafarka ka nemi albarkarsa, zai je ya janye sunansa, ya kuma tsaya a bayanka a gaban kwamiti. Idan kuwa a rediyo zai ji sunanka kamar kowa, to shi ma zai zama kamar kowa. Game da babanka ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, ba naki ba ne, komadre. Na wanda ya rubuta ne."

Na ɗauka an tsira da wannan. Da yamma ina tsince wake, babanka ya zo ya ajiye wasiƙar a gabana, ya cire hularsa ya ajiye kusa da ita. Ya sa yatsa a kan rubutun gaban hular, sannan ya sa a kan takardar, nan, da nan, da nan, da nan. Ya ce, "Femia, ban iya karatu ba, amma shekara arba'in wannan kalmar tana goshina. Sau huɗu tana cikin takardar yaron nan. Ke ba ki faɗe ta ba, kompadre ma bai faɗe ta ba." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Bari. Ba daga bakinki zan ji ba."

Yau kwana huɗu bai buga wa rediyo waya ba. Ba ya zuwa domino. Tavito ya leƙo ta shinge ya ce, "Bienve, ko ashanar ce ta jiƙe?" Ya tashi ya shige ɗaki. Hular tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, bai sa ta ba, bai kuma taɓa ta ba. Ban san abin da ya gane ba. Wataƙila yana zaton kana goyon bayan Ɗan Kwamfuta ne kawai. Wataƙila ya san komai, yana neman yadda zai yi da rantsuwarsa. Shekara talatin da takwas muna tare, wannan karon na kasa karanta fuskarsa.

Kwamiti sun ce za su faɗi suna washegarin bikin Uwa Maryamu ta Altagracia, ran ashirin da biyu ga wata. Na san sun ce ka yi shiru, amma su ba su ne za su zauna da shi a tebur ba. Idan za ka iya zuwa, ka zo, ka fara sauka gidan uban baftismarka kafin ka shigo nan. Idan ba za ka iya ba kafin ranar, Doña Chela za ta taso ran goma sha bakwai. Ka ba ta wasiƙa, ba tawa ba, ta babanka, da sunansa a sama. Ka gaya masa kai ne, ka gaya masa dalili, da kalmomi masu sauƙi don kada in yi tuntuɓe. Zan zaunar da shi, in ɗora yatsansa a kan layin farko, mu bi tare har ƙasa. Ba zan yi tari ba.

Kada ka bari ya ji sunan ɗansa a rediyo. Ina jiran amsarka kafin ashirin da ɗaya ga wata.

Mahaifiyarka,
Eufemia